Babban Cocin Angalikan na Zamalek a Alƙahira: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa zaga unguwar Zamalek a birnin Alƙahira, da wuya idonsa bai faɗa kan wani rufin kankare mai ban mamaki da ke leƙowa ta tsakanin dogayen benaye ba. Wasu sukan ɗauka gidan wasanni ne, wasu su ce ofishin jakadanci. Coci ne. Ga amsoshin tambayoyin da 'yan uwanmu masu zuwa Masar karatu, jinya ko kasuwanci suka fi yi a kansa.

Wane coci ne wannan, kuma a ina yake?

Sunansa All Saints, wato Cocin Dukan Tsarkaka, kuma shi ne babban cocin ɗarikar Angalikan a Masar, inda kujerar bishop take. Yana kan titin Michel Lutfallah a Zamalek, unguwar da ke arewacin tsibirin Jazira a tsakiyar kogin Nilu. Alama mafi sauƙi ita ce otal ɗin Marriott, domin cocin yana bayansa ne. Shi kansa otal ɗin tsohuwar fada ce da Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina don sauke manyan baƙin da suka zo bikin buɗe mashigin Suez a 1869. Misrawa ba su cika cewa Angalikan ba. Usƙufiyya suke kiran ɗarikar, kuma da wannan sunan ne ɗan gari zai fi saurin gane inda ake nufi.

Su wane ne Angalikan?

Ɗarika ce ta Kirista da ta samo asali daga Cocin Ingila, wanda ya fita daga ƙarƙashin Paparoman Roma a 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas. Ta riƙe tsarin bishop-bishop da limamai kamar Katolika, ta kuma ɗauki koyarwar 'yan gyara, wato Furotesta, game da matsayin Littafi Mai Tsarki da yin sujada cikin harshen da jama'a ke ji. Abin da ya fi haɗa kansu shi ne littafin addu'o'insu, wanda aka fara bugawa a 1549. A yau kowane lardi cin gashin kansa yake yi, kuma yawancin mabiyan ɗarikar suna Afirka ne, ba Ingila ba.

Masar tana da nata Kiristocin tun fil'azal. Me ya kawo ɗarikar Ingila?

Gaskiya ne. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar na asali, suna jingina kafuwar cocinsu ga Markus, marubucin Bishara, wanda suka yi imani ya isa Iskandariya tun ƙarni na farko. Su ne mafi rinjayen Kiristocin ƙasar, waɗanda ake ƙiyasta sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na jama'a. Idan aka gwada da su, Angalikan 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma baƙin jiya.

Ta hanya biyu suka shigo. Ta farko kasuwanci. Fataken Ingila da ke zaune a Iskandariya sun nemi wurin ibada, mai mulkin Masar Muhammadu Ali Pasha ya ba su fili a tsakiyar gari, aka ɗora harsashin Cocin Markus a 1839. Ta biyu mishan. Ƙungiyar CMS, wato ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, ta turo mutanenta tun shekarun 1820, kuma niyyarsu ta farko ba kafa sabuwar ɗarika ba ce, sun zo ne su taimaka wa Kibɗawa da makarantu da littattafai. Wannan yunƙurin ya yi sanyi, sai bayan sojojin Birtaniya sun mamaye ƙasar a 1882 aikin ya sake tashi.

Ba za a ɓoye ba, cocin ya girma ne a inuwar mulkin mallaka, kuma wannan ya daɗe yana binsa. Amma a cikin waɗanda suka zo akwai mutanen da Misrawa ba su manta da su ba. Likita Frank Harpur ya iso a 1889, ya buɗe asibiti a Tsohuwar Alƙahira, yana kuma bin ƙauyukan bakin Nilu cikin jirgin ruwa yana duba marasa lafiya. Asibitin da ke ɗauke da sunansa a garin Manuf, wanda aka kafa a 1910, har gobe yana aiki, talakawa suna ce masa Harmal. Akwai kuma Temple Gairdner, wanda ya zo a 1899, ya laƙanci Larabci har ya rubuta littafin koyar da Larabcin Masar na kan titi, ya dage a kan cewa dole cocin ya zama na masu jin Larabci. A Alƙahira ya rasu a 1928.

Ginin da ake gani yanzu shi ne na asali?

A'a, na uku ne. Na farko ƙaramin coci ne da aka gina a tsakiyar birni a shekarun 1870 don Turawan da ke zaune a Alƙahira. A lokacin Masar tana ƙarƙashin bishop ɗin Kudus. A 1920 aka yanke dayosis ɗin Masar da Sudan, wato yanki mai bishop na kansa, aka naɗa Llewellyn Gwynne bishop na farko, mutumin da ya riga ya shafe shekaru a Hartum. Shi ne ya tsaya kai da fata sai an gina babban coci.

Aka ba Adrian Gilbert Scott aikin zane. Ɗan gado ne: kakansa George Gilbert Scott yana cikin fitattun masu zanen gine-gine na Ingila a ƙarni na 19, wansa Giles kuma shi ya zana babban cocin Liverpool. Adrian ya tsara ƙaton gini mai ƙubba a gaɓar Nilu ta gabas, ba nisa da gidan tarihin Masar na dandalin Tahrir. Ranar 25 ga Afrilu 1938, ranar tunawa da Markus, William Temple, babban bishop na York a lokacin, ya keɓe shi.

Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Alƙahira ta cika da sojojin daular Birtaniya daga kowace kusurwa. Cocin ya zama wurin ibadar dubbansu, musamman dakarun Runduna ta Takwas ta Birtaniya da suka gwabza a hamadar yamma, har zuwa faɗan Alamain na 1942. Da yawa daga cikin samarin da suka yi addu'a a kujerunsa ba su koma gida ba.

Ginin Scott shekara 40 kacal ya yi a tsaye. Birni ya bunƙasa, cunkoso ya yi yawa, gwamnati ta ɗauko aikin babbar gadar 6 ga Oktoba, hanyarta kuwa ta bi ta kan filin cocin. A 1978 aka rushe shi. A madadinsa aka samu filin Zamalek, aka yi shekaru ana gini, sai a 1988 aka keɓe sabon, a zamanin Bishop Ghais Abdel Malik, shekara 50 cif bayan keɓe wanda aka rushe.

Yaushe ya tashi daga cocin Turawa ya zama na 'yan ƙasa?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a tarihinsa, kuma amsarta tana cikin shekarar 1956. A watan Yulin shekarar Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suez hannun gwamnati. Kafin ƙarshen shekara Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari. Gwamnati ta kori 'yan Birtaniya, har da bishop da limaman Turawa. Dare ɗaya cocin ya wayi gari babu shugabanninsa, babu yawancin masu cika kujerunsa, ga kuma sunan Ingila a goshinsa a lokacin da jiragen Ingila suka gama ruwan bama-bamai a ƙasar.

Mutane da yawa sun zaci ƙarshensa ke nan. Limamai Misrawa 'yan ƙalilan da suka rage su ne suka riƙe makullai, suka ci gaba da sujada, suka kare makarantu da asibitoci gwargwadon iyawarsu. A ganina waɗannan mutanen sun fi cancantar a tuna da su fiye da duk wanda ya zana ƙubba ko ya ɗora harsashi, domin ba don su ba da yau sai dai a nuna hoton cocin a littafin tarihi. Duk da haka sai a 1974 aka naɗa Bamisre na farko a kujerar bishop, Ishaq Musaad. Jinkirin ya yi yawa, kuma laifin na waɗanda suka daɗe suna ganin 'yan ƙasa ba su isa ba ne. Bayansa Ghais Abdel Malik ya hau a 1984, sai Mouneer Hanna Anis a 2000, likitan da ya yi shekaru yana aiki a asibitin Manuf kafin ya zama limami, sannan Samy Fawzy Shehata a 2021. Tun daga 1974 Bature bai sake zama a kujerar ba.

Me ya sa ginin bai yi kama da cocin da muka saba gani ba?

Saboda Misrawa ne suka zana shi, kuma ba su yi niyyar kwaikwayon Ingila ba. Masu zanen su ne Awad Kamel da Selim Kamel, waɗanda su ne dai suka tsara babban cocin Kibɗawa na Markus da ke Abbasiyya, wanda aka buɗe a 1968. Ba su yi doguwar hasumiya mai tsini ba, ba su yi dogon zaure mai jerin ginshiƙai irin na cocin Turai ba. Kankare suka yi aiki da shi, kayan ginin zamaninsu.

A ƙasa, tsarin ginin siffar gicciye ce. Daga nan bango da rufi suke lanƙwasa su tashi sama, suna tsukewa, har su haɗu a ƙololuwa, inda suke sake buɗewa kamar kambin sarauta. Wanda ya tsaya a farfajiya ya ɗaga kai zai ga haƙarƙarin kankaren suna hawa ɗaya kusa da ɗaya, kowanne da lanƙwasarsa. Wasu suna ganin tantin Larabawan hamada a siffar, wasu furen bado, wanda tun zamanin Fir'aunoni yake alamar Masar, kuma shi aka kwaikwaya a Hasumiyar Alƙahira mai tsayin mita 187 da ke kudancin wannan tsibirin.

A ciki abin ya fi daɗi. Fili ne buɗaɗɗe, rufin yana can sama, idon mai zama yana kaiwa bagadi ba tare da wani abu ya tare shi ba. Jama'a suna jin juna, suna ganin juna. Akwai masu cewa ginin Scott ya fi shi kwarjini, kuma hotunan da suka rage suna ba su hujja. Ni dai ina ganin na yanzu ya fi dacewa da mutanen da ke shigarsa. Siffar tanti ta yi daidai da jama'ar da yawancinsu matafiya ne ko waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu.

Su wa ke yin sujada a can yanzu?

Jama'a uku ne manya a ƙarƙashin rufi ɗaya. Akwai Misrawa masu sujada da Larabci, wasunsu jikokin waɗanda suka shiga ɗarikar tun zamanin Gairdner. Akwai masu sujada da Turanci, kuma kada a ɗauka Turawa ne zalla: ma'aikatan jakadanci, malaman jami'a, ɗalibai, 'yan kasuwa da masu aikin gida ne daga Afirka, Asiya, Turai da Amurka, 'yan Najeriya ma suna ciki. Sai kuma 'yan Sudan da Sudan ta Kudu, waɗanda suke da nasu lokutan sujada cikin Larabcin Sudan da harsunansu na gida, da ganguna da waƙoƙinsu.

Jama'ar Turanci kullum cikin sauyawa take. Wanda aka yi Kirsimeti da shi bana, baɗi an yi masa sauyin wurin aiki. Wannan yana sa baƙo ba ya daɗewa yana baƙunta, domin kusan kowa ya san ɗacin sauka a garin da ba ka da kowa. Yana kuma da wahalarsa, don da ƙyar ake samun mawaƙa ko malaman yara da za su daɗe.

Abu ɗaya da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne sujadar Juma'a. Hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce da makaranta, don haka coci-coci da yawa a ƙasar suna yin taro ranar Juma'a da safe ban da na Lahadi.

Me ya haɗa cocin da 'yan gudun hijira?

Yaƙin basasar Sudan na biyu, wanda aka fara a 1983 aka ƙare a 2005, ya kwararo da mutane zuwa Masar. Da yawa daga 'yan kudu Angalikan ne tun daga gida, don haka da suka sauka a Alƙahira cocin ɗarikarsu suka nema. Daga ƙarshen shekarun 1980 taimakon da ake yi musu ya zama tsayayyen aiki mai suna Refuge Egypt, wanda ofishinsa ke cikin harabar cocin. Masar ba ta ajiye 'yan gudun hijira a sansani. A cikin gari suke zaune, suna biyan haya, suna neman na abinci. Shi ya sa abin da ake yi musu ya shafi rayuwar yau da kullum: duba marasa lafiya, awon ciki, kula da masu tarin fuka, rabon abinci da tufafi ga sababbin zuwa, karatun yara, da koyar da aikin gida don a samu abin yi.

A ranar aiki da safe farfajiyar ba ta kama da harabar coci. Mata ne zaune cikin lafaya masu launi, kowace riƙe da takardunta a leda, goyo a cinya, ana jiran kira. Ana jin Larabci iri biyu ko uku da harsunan da ko Bamisren da ke gadi ba ya ji. Ba a tambayar addinin mutum kafin a duba shi. Tun rikicin Darfur na 2003 Musulmi suka yawaita cikin masu zuwa, ga 'yan Iritiriya da Habasha, sannan yaƙin da ya ɓarke a Hartum a watan Afrilun 2023 ya sake turo dubban ɗaruruwan mutane Masar. Buƙata ta fi ƙarfin abin da ke hannu, kuma ma'aikatan wurin ba sa ɓoye haka.

Musulmi zai iya shiga? Yaya zamansu da Azhar?

Zai iya. Ana karɓar baƙo ko wane ne, in ya zo da ladabi. Abin da kawai aka keɓe wa Kiristocin da aka yi wa baftisma shi ne Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a bagadi. Mai kallo sai ya yi zamansa, ba wanda zai ga laifinsa.

Tsakaninsu da Azhar kuwa akwai rubutacciyar yarjejeniya. A watan Janairun 2002 Shehul Azhar Muhammad Sayyid Ɗanɗawi da babban bishop na Canterbury George Carey, jagoran Angalikan na duniya a lokacin, suka sa hannu kan tsarin tattaunawa tsakanin Azhar da ɗarikar Angalikan, kuma bishop ɗin Masar yana cikin masu riƙe da wannan igiya. Daga baya aka ɓullo da shirin haɗa limaman masallatai da limaman coci, su yi kwanaki tare, su ziyarci wuraren ibadar juna da makarantu da asibitoci. Ba a cewa shirin ya kawar da duk wata ƙiyayya a ƙasar. Amma limamin da ya ci abinci a akushi ɗaya da fasto, in rigima ta taso a ƙauyensu ya san lambar wanda zai kira, kuma mu da muka san abin da rikicin addini ya ci a garuruwanmu ba za mu raina wannan ba.

Da Kibɗawa fa?

Zumunci ne mai kyau, kuma shugabannin Angalikan sukan kai wa shugaban cocin Kibɗawa, Paparoma Tawadros na Biyu, ziyara. Inda matsala take shi ne gaban hukuma: kotunan Masar sun yanke cewa Angalikan suna ƙarƙashin inuwar majalisar cocin Furotesta ta ƙasar, su kuwa suna neman a san su a matsayin ɗarika mai zaman kanta.

Cocin Masar kaɗai yake shugabanta?

A'a. Daga 1976 dayosis ɗin yana cikin lardin Kudus da Gabas ta Tsakiya. A 2020 aka ɗaga shi ya zama Lardin Iskandariya, na 41 a ɗarikar Angalikan ta duniya, mai dayosis 4: Masar, Arewacin Afirka, Ƙahon Afirka da Gambela ta Habasha. Ƙasashe 10 ne a ƙarƙashinsa: Masar, Libiya, Tunisiya, Aljeriya, Muritaniya, Chadi, Habasha, Iritiriya, Jibuti da Somaliya. Ke nan ɗan Angalikan da ke Injamena babban bishop ɗinsa yana Masar.

Akwai wata alaƙa da ƙasar Hausa?

Akwai, ta hanyar CMS. Ƙungiyar da ta tura Harpur da Gairdner Masar ita ce ta tura Likita Walter Miller ƙasar Hausa. Miller ya fara koyon Hausa ne a Tarabulus ta Libiya, wajen Hausawa fatake da mahajjata, birnin da yanzu yake cikin Lardin Iskandariya. A 1900 suka isa Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su. Daga baya mishan ɗin ya zauna a Zariya, sannan ya koma Wusasa wajen 1929, inda aka gina Cocin Bartholomew da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa. Miller yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Wanda ya san cocin Wusasa zai gane abin da masu zanen Zamalek suka nufa da gina wurin ibada da siffar ƙasar da yake cikinta.

A zamanin nan kuma shugabannin Cocin Najeriya, wanda ya zama lardi mai cin gashin kansa a 1979, sukan haɗu da na Masar a tarukan Angalikan na ƙasashen kudancin duniya. An yi irin wannan taro a bakin Bahar Maliya a 2005, lokacin Babban Bishop Peter Akinola, an kuma yi wani a Alƙahira a 2016.

Yaya zan je, kuma me ya kamata in sani?

Daga dandalin Tahrir tafiya ce ta 'yan mintoci a tasi in hanya ta yi kyau. A ce wa direba Marriott ta Zamalek. Mai son jirgin ƙarƙashin ƙasa ya hau layi na 3 ya sauka a tashar Safaa Hegazy, wadda aka buɗe a 2022, ya ƙarasa da ƙafa ta titin 26 ga Yuli.

A riƙe fasfo ko katin shaida. Tun bayan hare-haren da aka kai wa cocin Kibɗawa a Alƙahira a Disambar 2016, da na Ɗanɗa da Iskandariya a Afrilun 2017, ana tsaurara tsaro a ƙofar kowane coci, ana binciken jaka. A sa tufafin mutunci. Kada a ɗauki hoton mutanen da ke jira a farfajiya ba da izininsu ba, domin wasunsu suna da dalilin ɓoye fuskarsu. Lokutan sujada sukan canza, don haka a tambayi ofishin cocin kafin a fita, musamman a makon Ista, tunda kalandar cocin gabas da ta yamma sau da yawa ba sa haɗuwa a rana ɗaya.